NEMAN SHAWARA TA WAYA A KAN DAMUWA DA ZAMAN AURE

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata tambaya da aka kawo mana kwanakin baya, bayan sallar Isha'i. Mai tambayar ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, wanda muka san mahaifinsa tun muna almajirai. Ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya rage murya, ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, yau wata huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Da na kwanta sai lissafin bashi ya taso mini, ƙirjina ya riƙa bugawa kamar ana daka. A gida kuwa, ko sannu uwargida ta yi mini sai in ji kamar da gatse ta yi. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya haɗa ni da wani masani da a ke magana da shi ta waya sau ɗaya a mako, ana biyansa. Na yi zama biyu da shi, na kuwa ji dama. To, amma hankalina bai kwanta ba. Shin ban kai ƙarar Ubangijina wurin bawanSa ba? Kuma shin ban tona asirin iyalina ba?"

Mun ba shi amsa gwargwadon abin da lokaci ya ba mu, amma daga baya muka ga tambayar ba tasa ce shi kaɗai ba. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, ɗan kasuwa ya sha sayar da kaya da safe, kafin yamma kuɗin ba za su mayar masa da irinsu ba. Ma'aikaci kuwa an ɗaga masa mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024, a shekarar da buhun shinkafa ya zarce wannan kuɗi a kasuwanni da yawa. Abin kuma bai tsaya a kanmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a duniya, miliyan 280 kuma da ciwon damuwa, ta kuma sanar a 2022 cewa shekarar farko ta annobar korona ta ƙara yawan ciwon biyu da kashi 25 cikin 100.

Mu fara da tambayarsa ta farko, don ita ce ke rufe bakin mutane da yawa. Akwai wani zato da ya yaɗu a tsakaninmu, wai duk wanda damuwa ta kama imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa ya yi sakaci da azkar. Ba mu san inda aka samo wannan magana ba. Alƙur'ani ya ba mu labari cikin Suratu Yusuf cewa baƙin cikin rabuwa da ɗa ya kai Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, har idanunsa suka yi fari, ba kuwa wanda ya isa ya taɓa imanin Annabi Yakubu. Malaman sira sun kira shekara ta 10 bayan aiko, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, shekarar baƙin ciki. Abin da shari'a ta hana shi ne koke na fushi da hukuncin Allah. Amma bayyana hali ga wanda a ke sa ran zai taimaka, wannan kama sababi ne. Wanda ya ce wa likita cikina ke ciwo bai yi ƙarar Allah ba, to haka wanda ya ce masa na kasa barci.

Ku dubi abin da ya auku ran da wahayi ya fara sauka, kamar yadda Buhari ya kawo a farkon littafinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya komo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, ya nemi a lulluɓe shi, ya kuma gaya wa Nana Khadija cewa ya ji wa kansa tsoro. Ba ta tare shi da wa'azi ba. Ta bari sai da firgitar ta lafa, sa'an nan ta shiga lissafa masa kyawawan halayensa ɗaya bayan ɗaya, irin su sada zumunci da ɗaukar nauyin mai rauni da girmama baƙo, ta nuna masa cewa mai waɗannan halaye Allah ba zai kunyata shi ba. Da ta gama nata, sai ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙatu ɗan Naufal, dattijo masanin littattafan da suka gabata. Ba muna cewa abin da ya sami Manzo ciwo ne ba, Allah Ya tsare mu da wannan. Abin lura shi ne tsarin da uwar muminai ta bi: ta saurara, ta kwantar da hankali, abin da ya wuce saninta kuma ta kai shi ga masani.

Waɗansu kuwa ƙyamarsu daga wani wuri ta ke. Su kan ce wannan zama da a ke yi ana tattauna abin da ke cikin zuciya al'adar Turawa ce. Mu ma da haka muka ɗauka, sai da muka karanta Abu Zaid al-Balkhi. Wannan malami an haife shi wajen shekara ta 850 a kusa da birnin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yanzu, ya yi karatu wurin al-Kindi, ya rasu a 934. Ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, kashi na farko a kan lafiyar jiki, na biyu a kan lafiyar rai. Ya zargi likitocin zamaninsa da cewa sun kula da jiki sun bar rai, alhali mutum yakan daɗe bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya ya ɗauki lokaci ba tare da fushi ko tsoro ko baƙin ciki ya taɓa shi ba. Ya kasa cututtukan rai gida huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Cikin baƙin ciki kuma ya rarrabe wanda a ka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya hana shi walwala da kuzari. Na farko ya ce maganinsa gyaran tunani, na biyu kuwa ya ce tushensa a jiki ya ke, sai an haɗa da maganin likita. Wannan rarrabewa, da ya yi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da malamanmu masu ruƙiya sun riƙe ta da an rage wahala da yawa.

Abubuwa biyu cikin maganarsa sun shafi mai tambayarmu kai tsaye. Na ɗaya, ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda a ke ajiye magani a gida don ranar buƙata. Na biyu, ya ce shawarar da ta zo daga waje ta fi shiga, domin mutum ya fi karɓar magana daga wani bisa ga karɓarta daga kansa, kuma wanda damuwa ta rufe ba ya iya gano hanya shi kaɗai. Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Sudan, Farfesa Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara kashin rai na littafin zuwa Turanci a 2013, ya nuna kusancinsa da hanyar gyaran tunani da ɗabi'a wadda likitan Amurka Aaron Beck ya tsara a shekarun 1960. Wannan hanya kuwa ita ce ƙwararrun masu ba da shawara ta waya da yawa ke bi a yau.

Saura batun nisa. Neman shawara daga wanda ba ka gani ba sabon abu ba ne. A 1493 wani malami daga ƙasashen nan na Yamma, mai suna al-Lamtuni, ya rubuta tambayoyi a kan halin mutanen ƙasarsa ya aika wa Jalaluddin Suyuɗi a Alƙahira, aka rubuto masa amsa. Iyayenmu sun yi shekaru suna aika tambayoyi gidan Rediyon Kaduna. A Ingila tun 1953 wani limamin coci mai suna Chad Varah ya buɗe layin waya a London don waɗanda duniya ta yi wa zafi. Abin da intanet ta ƙara shi ne sauri da araha, da kuma sutura. Attajirin da ba zai yarda a ga motarsa a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa ba, don kada labari ya riga shi isa kasuwa, zai iya rufe ƙofar ofishinsa ya yi magana minti 45. Kuma dole ma ta sa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa cikin 'yan shekarun nan cewa ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuma a manyan birane su ke.

Ko abin yana amfani? Masu bincike, musamman a ƙasar Suwidin, sun tara gwaje-gwajen da aka kwatanta masu zuwa gaban likita da masu bin darussa ta intanet ƙarƙashin kulawar ƙwararre, suka ga sakamakon ya yi kusa da juna ga fargaba da damuwar da ba ta yi tsanani ba. A lura da sharuɗɗan nan biyu: da kulawar ƙwararre, kuma ciwon bai yi tsanani ba. A Zimbabuwe kuma wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata tun daga 2006 su zauna bisa benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron mutane, suna koya musu warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna masu zuwa benci sun fi samun sauƙi, lokacin korona kuma aka riƙa yin zaman ta WhatsApp. Abin da ya ba mu sha'awa, sunan da Shonawa ke kiran ciwon da shi ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda tsofaffinmu ke cewa.

Mun tambayi ɗan kasuwan nan me masanin ya koya masa cikin zama biyu. Ya ce abu na farko numfashi: in ƙirji ya fara bugawa ya zauna, ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, ya fitar da ita yana ƙirga shida, ya yi ta maimaitawa kamar minti 5. Dalilinsa kuwa sananne ne ga likitoci. Jikin mai fargaba yana shirin gudu ne kamar wanda ya ga zaki, numfashi ya yi sauri, zuciya ta bi shi, fitar da iska a hankali kuwa na rage bugun zuciya. Muka ce masa in ya ga dama ya sa tasbihi a madadin ƙirga, ya sami biyu.

Abu na biyu shi ne wanda muka fi so mu tsaya a kansa, don ya shafi 'yan kasuwa ƙwarai. Ya ce ya sa shi ya ɗauki takarda ya rubuta dukkan bashin da a ke binsa, da sunan mai shi da adadi da ranar biya. Ya ce wallahi wata huɗu yana jujjuya abin a ka, bai taɓa tarawa ba don tsoron abin da zai gani. Da ya tara, sai ya iske kuɗin da yawa, amma suna da iyaka, kuma biyu daga cikin masu binsa mutane ne da zai iya zuwa ya roƙi jinkiri. Haka abin ya ke. Abin tsoro muddin yana yawo a ka ba shi da kai ba shi da gindi, da ya sauka a takarda sai ya zama lissafi, lissafi kuwa sana'arku ce. Ba banza ba aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, aya ta 280 kuma ta umurci mai bin bashi da saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Mai gudun masu binsa, yana kashe waya yana sauya hanya, kullum ƙara wa tsoronsa ƙarfi ya ke yi. Ranar da ya je ya zauna gabansu ya faɗi gaskiya, ya ce ga abin da zan iya duk wata, ko da sun yi faɗa, daren nan barcinsa zai fi na jiya.

Malamai sun rarrabe tsakanin hammu da huznu, waɗanda Manzo ya kasance yana yawan neman tsari daga gare su tare da nauyin bashi, kamar yadda Anas ya ruwaito. Ibnul Ƙayyim ya ce hammu ya shafi abin da a ke tsoron zuwansa, huznu kuwa abin da ya riga ya wuce. Wannan ma ma'auni ne mai amfani ga mai takarda a hannu. Ya duba kowane abu da ya rubuta: in ya wuce, wurinsa haƙuri da istigfari, in yana gaba kuma akwai abin yi, ya rubuta mataki ɗaya da zai ɗauka gobe, in ba abin yi, ya bar wa Mai shi. Masu shawara sukan ce a ware wa wannan aiki lokaci sananne, kamar minti 15 bayan La'asar, in tunanin ya zo da dare sai a ce masa ba lokacinka ba ne, mu haɗu gobe.

Sauran abubuwan kowa ya san su, aikatawa ce wuya. Goro da shayi mai kauri da kofi bayan Magariba suna korar barci. Kwanciya da waya a hannu ana duba farashin Dala har ƙarfe ɗaya na dare ita ma haka. Tafiya da ƙafa ta rabin sa'a tana rage nauyin ƙirji, kuma wanda ya lazimci jam'i sau 5 a masallacin da ke da ɗan nisa ya sami rabonsa. Kada mai damuwa ya ƙaurace wa majalisa da zumunci, ko da ba ya jin daɗinsu, domin kaɗaici abincin waswasi ne. Sai gargaɗi guda: kada a nemi barci a shagon magani ba da takardar likita ba. Binciken da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta masu amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, kuma mun san magidanta masu mutunci da suka shiga wannan lissafi ta ƙofar ƙwayar barci guda ɗaya.

To, yanzu mu zo ga tambayarsa ta biyu, inda nan ne mu ke da magana mai nauyi. Ambaton laifin miji ko mata ga wanda a ke neman mafita wurinsa ba ya cikin gibar da aka hana. Hindu 'yar Utba ta gaya wa Manzo cewa mijinta Abu Sufyan mai maƙo ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, bai kuwa tsawata mata ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai isa bisa al'ada. Imamu Nawawi ya lissafa neman fatawa cikin wurare shida da a ke halatta irin wannan ambato. Saboda haka mai tambayarmu bai yi laifi ba, muddin ya tsaya gwargwadon buƙata, bai shiga asirin shimfiɗa ba sai in shi ne ciwon.

Amma akwai iyaka, kuma ita ce mutane ke ƙetarewa. Mai ba da shawara ta waya baki ɗaya ya ji. Zai iya taimakonka a kan kanka: yadda za ka riƙe fushinka, yadda za ka zaɓi lokacin magana, kada ka tayar da ita kana shigowa da yunwa ko gaban yara, ka ɗauki matsala ɗaya ka bar tone-tonen shekara goma, ka faɗi abin da ya yi maka zafi maimakon ka ce ke kullum haka ki ke, in murya ta fara tashi ka fita ka yi alwala ka dawo bayan jini ya sauka. Duk wannan alheri ne, ya kuma dace da koyarwar Manzo cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Abin da ba shi da ikon yi shi ne yanke hukunci tsakaninka da wadda bai ji ta bakinta ba. Sa'ad da Manzo ya aiki Sayyidina Ali Yaman ya yi alƙalanci, ya gargaɗe shi kada ya yi hukunci sai ya ji na biyu kamar yadda ya ji na farko. Waɗansu malaman tafsiri ma sun ce abin da Annabi Dawuda ya nemi gafara a kansa cikin ƙissar masu husumar tumaki, a Suratu Sad, shi ne ya yi magana kafin ya ji ɗaya ɓangaren. In saɓani ya yi zurfi, hanyar da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta shimfiɗa ita ce a ɗauko mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata, watau mutanen da suka san gidan, za su kuma ga fuskokin biyu. Labarin zuciya a tambayi fuska, wanda kuwa ke karanta saƙo a waya ba fuskar da ya gani.

Da haka za ku gane na ƙwarai. In ka kai masa ƙarar iyalinka zai tambaye ka me za ta ce in ita ce ke magana, zai kuma nemi a yi zama da ku biyu in ta yarda. Na banza kuwa shi ne wanda tun saƙo na farko zai ce wannan mata ba ta dace da kai ba, ko ya ce wa mace tattara kayanki. Mun ga shafuka a Facebook da ƙungiyoyi a WhatsApp inda a ke lika wasiƙar matar aure, wai an ɓoye suna, alhali duk unguwa ta gane ta, sa'an nan ɗaruruwan mutane, da yaro da babba, da wanda bai taɓa aure ba, kowa ya jefa nasa dutse. Wannan ba shawara ba ce, kasuwar tsegumi ce, mai shafin kuwa yawan masu kallo ya ke nema. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ɓata mace ga mijinta. Kuma magidanta su sani, a mazhabarmu ta Malikiyya saki da rubutu yana aukuwa in an rubuta shi da azama, wayar da ke aljihu kuwa ta sa rubutu ya fi magana sauri. Mun warware fatawoyi da yawa da asalinsu saƙo ne da aka tura ƙarfe biyu na dare.

Kada a ɗauki maganarmu a kan matar da a ke duka ko a ke barin ta da yunwa. Ita ba a ce mata ta je ta koyi numfashi ba. Ta sanar da waliyyinta, in bai tsaya mata ba ta je Hisba ko gaban alƙali, domin cutarwa shari'a ta ba ta haƙƙin neman rabuwa a kanta. Mai shawarar da ya san aikinsa shi ma can zai tura ta. Game da mace da namiji kuwa, kowa ya fara neman jinsinsa. In ba a samu ba, lalura ce kamar ta sauran likitanci, amma a yi ta a lokaci ƙayyadadde da ma'aikaci sananne. Hirar dare da ba ta da ƙarshe, wadda ta fara da ba ni labarin damuwarki, mun san inda ta kan kai.

Akwai kuma maganar amana. Kafin ka buɗe cikinka, tambayi mutumin cikakken sunansa, da inda ya yi karatu, da asibiti ko hukumar da ya ke aiki ƙarƙashinta. In ya ce shi likita ne, akwai majalisar rajistar likitoci ta ƙasa. Ka tambaye shi ko ana ɗaukar maganar a na'ura, da wanda zai iya ganin abin da aka rubuta. Ba tsegumi ba ne. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, wanda ke cikin manyan masu wannan aiki a duniya, ya biya Dala miliyan 7.8, bisa zargin ya ba Facebook da waɗansu kamfanoni bayanan masu neman shawara don talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri. A wannan shekarar ce Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, amma abin da ya riga ya fita doka ba ta mayar da shi ciki. Waɗansu kuma yanzu na'urar amsa magana irin ChatGPT su ke kai wa kuka. Za ta iya jera maka dabarun barci, amma ita ma naka kaɗai ta ji, ta kuma fi karkata ga abin da zai yi maka daɗi.

Mu malamai kada mu wanke kanmu. Sau nawa a ke turo mana saƙon murya na minti 3, mu yanke hukunci a kan auren shekara 20 muna cikin mota? Sau nawa a ke kawo mana mai ciwon da al-Balkhi ya ce na jiki ne, mu riƙe shi wata shida muna tofi, har ya rame ya bar aiki? Addu'a da ruƙiya gaskiya ne, ba kuwa sa hana magani. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, da ya fara tsarinsa a Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, don ya gane wurinsu mutane ke fara zuwa. A ƙasar nan tamu wurinmu a ke fara zuwa, saboda haka wajibi ne mu san alamun da za mu ce a wuce asibiti.

Alamun kuwa ga su. Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin komai, cinsa da barcinsa suka rikice, har ya kasa fita nema. Wanda ke jin muryoyi ko ya ke ganin ana binsa za a kashe shi. Mai jego da ta daina kula da jaririnta ko ta shiga sambatu. Fiye da duka, wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya shiga rarraba kayansa. Wannan kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa, a kawar da maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, a kai shi gaban likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato da Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince wa mai wannan ciwo da haƙƙinsa na mutunci da sirri. Mai bugun ƙirji kuma, ko da ya tabbata tunani ne, ya je a auna jininsa a duba zuciyarsa tukuna, don hawan jini da ciwon maƙoƙo sukan zo da irin wannan kama.

Mai tambayarmu mun ce ya ci gaba da zamansa na mako-mako, ya je a gwada jininsa, maganar uwargida kuma ya bar ta tsakaninsa da ita. Ya dawo mana bayan Juma'a uku. An sami jininsa ya hau, an ba shi magani. Cikin masu binsa bashi ɗaya ya ba shi wata shida, ɗayan ya ƙi, har yanzu suna kai-kawo. Abin da bai zata ba shi ne, ranar da ya zaunar da uwargida ya nuna mata takardar lissafin nan, sai ta ce ita duk watannin nan ta ɗauka aure zai ƙara ya ke ɓoye mata.